Masu Zama a Rumfar Gyaran Keke

Ku da kuke tsaye kuna dariya don kun ga ina lallaɓa tsohuwar ƙafar keke, ku matso ku zauna. Kun saba da babur, a kwance a jefar a sa sabo, shi ya sa kuke ganin aikinmu wasan yara ne, faci da famfo kawai. Ni Isiyaku, da wannan sana'a na yi aure, da ita na aurar, kuma a cikinta na ga abin da ban taɓa zaton mai riƙe sifana zai gani ba.

Aikin farko da aka ba ni a Funtua, bayan yaƙin basasa da kaɗan, shi ne wanke boris. Maigidana Baba Lamidi Bayarabe ne da ya daɗe a garin, rumfarsa tana kan hanyar injin gurzar auduga. Zai zuba mini ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan na cibiyar ƙafa a gwangwanin kananzir, in wanke su, in murza kowanne tsakanin yatsu in ji ko ya cinye. In na bar mai tabo a ciki, ba ya zagi. Sai ya haɗa ƙafar, ya juya ta kusa da kunnena ya ce, "Isiyaku, me take gaya maka?" In ji tana ƙaras-ƙaras. Ya ce, "To, kwance." Rani da damina suka wuce ina wannan kafin ya bar ni in taɓa tub.

Facin ma da kuke rainawa yana da ladabinsa. Ka hura tub, ka tsoma a kwanon ruwa ka ga inda yake kumfa, ka goge, ka kankare wurin, ka shafa sholisho, sannan ka ajiye ka jira ya sha iska. Mai gaggawa yakan manna faci da ɗanyen sholisho, mai keke bai kai Bakori ba, zai dawo da ƙafa yana tsine masa. Amma abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne miƙe ƙafar da ta lanƙwashe. Ka kife keke, ka juya ƙafar, ka sa babban yatsa a gefe ka ji inda take gogawa. Ka ɗaure wayar wannan gefe, ka sassauta ta wancan, kaɗan-kaɗan. In ka matsa da ƙarfi don ka tashi da wuri, waya ta tsinke, ka koma farko.

A lokacin keke ba ƙaramin abu ba ne. Manomi in ya kai auduga fuloti, wurin awonta, ya karɓo hakkinsa, keke yake fara tambaya. Da shi ake kai taki gona, da shi ake kai mara lafiya asibiti, malaman gona da malaman makaranta duk a kansa suke. Da Baba Lamidi ya sallame ni, ya ba ni famfo da sifanu da filaya a cikin tsohon buhu, na koma Malumfashi na kafa rumfar kara a bakin hanyar da ke fita zuwa Kafur. Na sa benci guda a bayanta don masu jiran aiki.

Wani keken Ingila baƙi mai faffaɗar kariya ta ɗaukar kaya, shi ne ya fi kowanne zuwa hannuna a shekarun farko. Mai shi Ɗanjuma, manomi ne daga wani ƙauye a bayan garin Ƙarfi, dogo mai sanyin murya, gwanin noman auduga da dawa. Duk ranar kasuwa zai zo da hantsi, ya gaishe ni da ladabi, ya bar keken ya shiga kasuwa. Sai yamma ta yi liƙis ya dawo idanu jajur, warin burukutu na riga shi isowa. Bayan kasuwa can akwai gidajen da ake dafa ta, kowa ya sani. Zai hau yana tangaɗi, mako ya zagayo ya kawo mini ƙafa a karkace ko feda a karye. In gyara, ya tafi, ya dawo. Ban taɓa ce masa komai ba. Ba a kawo mini shi don wa'azi ba, keke aka kawo mini.

Kayan aiki kuwa a shagon wani tsohon ɗan kasuwa Ibo nake saya, kuma ɗansa Sande ne yake kawo mini su. Sande a Malumfashi aka haife shi, in yana magana a bayanka ba za ka ce ba Bakatsine ba ne. Lokacin rikici suka gudu gabas, bayan yaƙi suka dawo, ya dawo ba yadda ya tafi ba. Ya yi shekaru yana kwana a otal da kwalba, har ciwo ya kwantar da shi aka fid da rai. Da ya tashi ya bari. Sai na lura in ya kawo mini kaya ranar kasuwa ba ya tafiya, ya zauna a benci yana shan rake, yana kallon hanya.

Ran nan ya ce mini, "Malam Isiya, kada ka gaji da ni. Daga azahar zuwa la'asar abin yake taso mini. Shagonmu yana kallon otal. In na zauna can, ƙafata za ta kai ni ban sani ba."

Na ce, "Bencin ba na haya ba ne, Sande. Zauna."

Aikin da ba na mantawa ya zo wata ranar kasuwa da kaka. Ɗanjuma ya turo kekensa da ƙafa, kariya ta murɗe, ƙafar baya ta naɗe kamar faifan da aka taka. Da na kife shi sai na ga yankin zane mai shuɗi ya sarƙe a cikin wayoyi. Na zare shi a hankali na miƙa masa. Ya karɓa, hannunsa na rawa, ya daɗe yana dubansa.

Ya ce, "Na tsohuwata ne. Na ɗauko ta daga gaisuwar mutuwa, muka faɗa kwalbati. Hannunta ya karye. Da maɗori ya zo ya tambaye ta, sai ta ce a bakin rijiya ta zame."

Na ce Allah ya sawwaƙe, na koma kan sifana. Sande ne ya matsa gefe a benci, ya karya rake ya miƙa masa.

Ya ce, "Zauna, ɗan'uwa. Wannan rawar hannun na san ta. Tawa har cokali ba na iya kaiwa baki."

Ɗanjuma ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ma kana sha?"

"Na sha har ta kusa shanye ni. Yanzu nan nake ɓuya."

"Ni na yi rantsuwa ba adadi. Na sha rubutu, na sha sassaƙe. Da na ji ƙamshin nan na bayan kasuwa, shi ke nan."

"Kada ka rantse mini. Ka zauna dai har kasuwa ta watse. In ta watse ka tafi gida."

Ƙafar nan da na so, kafin la'asar na gama ta. Amma na fahimci in na gama, ba shi da dalilin zama. Sai na zare wayoyin duka, na jera su a tabarma, na miƙe kowacce da guduma a kan itace, na wanke boris, na sa giris, na kwance sarƙa ma da ba ta yi laifin komai ba. Su kuwa suna ta magana ƙasa-ƙasa a bayana. Da na mayar da ƙafar na hura taya, masu kasuwa sun fara ɗaure kaya. Ɗanjuma ya hau kekensa ya miƙe hanyar Ƙarfi, ƙafa ba ta ko kaɗawa. Ranar ce farkon ranar kasuwar da na ga ya tafi da idonsa fari.

Mako ya zagayo ya dawo, keke lafiya lau. Ya tsaya yana sosa ƙeya ya ce, "Malam Isiya, kamar burkin nan yana ɗan kamawa." Burki ba ya kama komai. Na ce, "Kawo in duba, sai dai zai ɗau lokaci." Ya wuce benci.

Haka abin ya fara, ba wanda ya shirya shi. Na ukunsu Garba ne, direban lorin auduga da aka ƙwace wa mota saboda sha, mai baki kamar rediyo. Daga nan sai wannan ya zo, wancan ya zo. Babu allo, babu shela. Mata ne suka fi yaɗa labarin a wajen awo da wajen niƙa. Na ji an ce akwai wani ma'aikacin asibiti da in ya ga mutum hanta ta fara kumbura, bayan ya ba shi magani sai ya rage murya ya ce, "Ranar kasuwa ka kai kekenka wajen Isiya na hanyar Kafur, bayan azahar." Mutum ba zai iya ratsa gari ya ce ina ake taron masu barin giya ba. Amma kowa yana iya tambayar mai gyaran keke.

Nan na koyi wani ɓangare na sana'ar da Baba Lamidi bai koya mini ba, wato gyaran keken da ba abin da ya same shi. Wani zai sace iskar tayarsa da kansa a bayan masallaci ya turo. Ina taɓa bawul na san hannu ne ya kwance shi. Ba na nunawa. In cire tub, in tsoma a ruwa, in yi ta juyawa ina neman hujin da babu, har mutumin ya gama leƙen bencin ya samu ƙarfin halin zama. Wani sai ya zo sau biyu, sau uku yana tsaye a kaina kafin ya zauna. Wani bai taɓa zama ba, kuma ban sake ganinsa ba.

Ni ban taɓa sa musu baki ba, don ban san abin da suka sani ba. Bayana nake ba su. Amma kunne ba shi da murfi. Ba sa yi wa juna wa'azi. Mutum zai ce, "Ran Talata na bi ta ƙofar gidan, na tsaya, na wuce." Su ce madalla. Wani ya ce, "Ni na shiga." Ba mai tsawa, sai Garba ya ce, "Amma ga ka nan." Su yi ta shan rake da gyaɗa, don baki da hannu su samu abin yi. In an kira la'asar Musulmin su tashi su yi salla a gefen rumfa, Sande da wani Kirista daga wajen Kafur su tsare musu kekuna. Abin da aka faɗa a benci kuwa a nan yake kwana.

Ba kowa ya so abin ba. Wani Alhaji mai sayen hatsi, wanda kekunan masu yi masa awo duk ni nake gyarawa, ya tsaya ran nan ya ce, "Malam Isiya, rumfarka ta zama matattarar mashaya. Ka kore su, mutuncinka ya fi."

Na ce, "Alhaji, mashaya suna can bayan kasuwa. Waɗannan gudowa suka yi."

Ya kwashe kekunansa ya kai wani wuri, wasu ma suka bi shi. Na ji a jikina, amma ban ɗage bencin ba.

Sai muguwar shekara ta zo, a tsakiyar shekarun tamanin. Ruwa ya ɗauke dawa tana bunƙasa, kayan waje kuma suka ɓace daga kasuwa. Tub sabo ya zama labari. Muna yanko faci daga tsohon tub na lori, mu manna faci a kan faci har tub ya koma kamar rigar mahaukaci. Taya in ta yage mu ɗinke ta da zaren buhu, in ta ƙi mu cusa mata tsumma mutum ya lallaɓa ya kai gida. Sholisho kansa sai da na riƙa tsoma tsinke ina ɗiga shi kamar turare. Shagon su Sande ya zama kanta babu kaya, tsohon ya tattara ya koma gabas, Sande ya ce shi nan ne garinsu, ya zauna yana ɗan buga-buga.

A shekarar gonar Ɗanjuma ta ƙone, tsohuwarsa kuma ta rasu. Muka je gaisuwa, ya karɓe mu da haƙuri. Bayan nan aka yi kasuwa bai zo ba. Aka sake yi, bai zo ba. Wani mutumin ƙauyensu ya ce mana ya sayar da keken, kuma an gan shi inda aka saba ganinsa da.

Sande ya ce, "Zan je in ɗauko shi."

Garba ya ce, "Da wace ƙafar? Motar ƙauyen sai ranar kasuwarsu, kai kuma ba ka da keke."

Suka juyo suka dube ni. A bayan rumfa ina da tarin gawar kekuna da masu su suka yi watsi da su. Na zaro gangar jikin wani keken China da wuyansa ya karkace, na gasa shi a wutar maƙeri na miƙe. Ƙafar gaba daga wani, ta baya daga wani, wayoyin ma ba tsawonsu ɗaya ba, sai da na riƙa lanƙwasa kan kowacce da filaya. Sarƙa biyu matattu na haɗa suka ba ni ɗaya mai rai. Robar burki na yanko daga tsohon takalmin taya. Tub guda mai kyau da na ɓoye don ranar tsiya, na sa shi a baya, tunda nan nauyin mutum biyu zai sauka. Kariya kuwa na ɗaure ta da ƙarfe biyu, na shimfiɗa mata buhu. A duk shekarun da na yi ina aiki ban haɗa keke mai muni kamarsa ba, ban kuma haɗa wanda na fi tsayawa a kansa ba.

Sande ya tafi da sassafe ranar kasuwa. Azahar ta gota muka hango su, Sande yana tuƙi yana haki, Ɗanjuma a baya ya rame kamar kara. Da suka sauka Ɗanjuma ya ƙi ƙarasowa. Ya tsaya a rana, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Ku bar ni. Shekarun nan duka na zubar da su. Da wane ido zan zauna da ku?"

Garba, wanda bakinsa ba ya shiru, ranar a hankali ya yi magana. Ya ce, "Ɗanjuma, wa ka ga an kawo nan don ya iya? Duk don mun kasa muka zo."

Sande ya ce, "Yau ka sha?"

"Tun jiya da rana ban sha ba."

"To maganar yau muke yi. Shigo inuwa."

Ya shigo. Hannunsa na rawa har raken ya faɗi, Garba ya ɗauka ya goge ya fere masa, ya yayyanka ƙanana ya zuba masa a tafi. Na juya na kama wani aiki. Keken nan mai muni na bar wa Ɗanjuma, da shi ya yi ta zuwa har damina ta gyaru ya sayi wani.

Bayan 'yan shekaru saƙo ya zo cewa mahaifin Sande ya kwanta, ba mai kula da shi. Dole Sande ya tafi. Ranar kasuwarsa ta ƙarshe ya zauna, raken ma bai sha ba. Can ya ce, "Tsoro nake ji. A can ko gaisuwa ka je, giyar bammi za a fara miƙo maka. Ban san kowa ba, yarensu ma a bakina kamar na baƙo yake. Da wa zan zauna?"

Ɗanjuma ya ce, "Lokacin da ka fara zama a nan, da wa ka zauna?"

"Ni kaɗai."

"To ka nemi mai sana'ar da ba ya korar mutane. Mai aski, ko mai gyaran takalmi. Ka zauna a lokacin da abin yake taso maka. Irinmu ba garin da babu su, Sande. Wani zai zo, kai kuma za ka gane shi."

Muka raka shi tasha. Ɗanjuma ya kawo masa ƙullin dawa da kuka da daddawa, wai kada ya manta tuwo. Mota ta tashi, muka dawo. Shekara ta wuce, wata ta bi ta, ba labari. Bencin bai mutu ba, Ɗanjuma ne ya zama mai matsawa gefe in baƙo ya zo. Amma duk ranar kasuwa sai ya tambaya ko an ji wani abu daga gabas, a ce babu.

Garba a lokacin ya samu mota, yana kai hatsi da albasa kudu. Wata ranar kasuwa ya diro daga lori ko kashe ta bai yi ba, ya taho da gudu yana kiran Ɗanjuma.

Ya ce, "Na gan shi! Wallahi na gan shi! A wata kasuwa bayan an haye babban kogi. Ina neman mai ɗinke mini takalmi, sai na ji an ce, 'Garba Direba, ina gajiya?' da Hausar Malumfashi. Na waiwaya, ga Sande a rumfar mai gyaran takalmi, ya yi ƙiba, furfura ta fito masa. Ga mutane zaune tare da shi a kan benci, ɗaya daga cikinsu hannunsa na rawa."

Ɗanjuma ya miƙe tsaye. "Me ya ce?"

"Ya tambayi kowa da suna. Ya ce a gaida Malam Isiya. Kai kuma ya ce in gaya maka, yau bai sha ba."

Ɗanjuma ya koma ya zauna. Ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar, ya sa gefen riga ya share fuska. Na ajiye sifana.

Ɗanjuma ya ce, "Yaushe za ka koma?"

"Jibi in Allah ya yarda."

"To ka neme shi. Ka ce masa ni ma."